Shekarar da Na Yi wa Ƙudajen Maryama Feshi

Da za a ce in ɗebe yini ɗaya daga cikin kwanakina a shafe shi, ba sai na yi dogon tunani ba. Yinin da na buɗe ɗakin ajiya na bayan gidanmu, famfon feshi a bayana, shi zan ɗebe. Ku ƴaƴana kun tashi da labarin cewa iska ce ta kwaso magani daga wajen rumbu ta kai shi ɗakin, ƙudajen yayarku suka mutu. Ni na shirya wannan labari, ni na yi ta maimaita shi har ya zauna a gidan. Ƙarya ne. Ranar ko ganyen bedi bai motsa ba. Da hannuna na zare sakata na shiga.

Sunanta Maryama. Yau ne na fara rubuta shi, da bakina kuwa ban taɓa faɗinsa ba. Ita ce ɗiyata ta fari, kuma yadda muka tarar, mutum ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban jama'a, ba ya yabonsa ko da ya yi abin yabo. In ina son magana da ita sai in ce wa uwarku Rabi ta gaya wa yarinyar nan kaza, alhali yarinyar tana zaune taku uku daga inda nake. Ba zagin al'adar nake ba. Ubana haka ya yi da yayana, kuma sun rabu lafiya. Amma ni na mayar da ita wurin ɓuya. Duk abin da na kasa yi saboda girman kai sai in ce kunya ce.

Waɗanda suka tashi daga baya ba su san dalilin da ya sa Dakoro ke kirana Birgadiye ba. Ban yi soja ba. Lakwal ma a aji shida na tsaya, ban ci jarrabawa ba. A wata shekarar fari ne ma'aikatan gona suka tara samari suka koya mana aikin maganin ƙwari, yadda ake auna shi, yadda ake ba iska baya, yadda ake wanke hannu bayan an gama. Suka ba mu famfo mai igiya biyu da ake goyawa, suka ce daga yau sunan kowanenmu birgadiye. Sauran da muka koya tare duk sun watsar, ni na riƙe. Fiye da shekara talatin ina yi wa gonaki da rumbuna feshi, daga nan har Adjekoria da ƙauyukan da ke bayanta. Ba ni da shanu, ba ni da kanti. Abin da nake da shi a garin nan shi ne in aka ga tsutsa a zangarniyar hatsi, ƙofata ake bugawa. Kuma kowace shekara kafin ruwan farko nakan fara da gidana: rumbu, zaure, ɗakuna, har makewayi. Ban taɓa tsallake shekara ba.

Karatun yayarku ba zan jera shi ba, kun san shi. Maradi, Yamai, daga nan ƙasar Turawa. Abin da muka ji shi ne tana neman zama dokta, kuma ni da uwarku mun ɗauka ta asibiti ce. Mutanen gari ma haka suka ɗauka, ban kuma gyara musu ba. Shekarar da nake ba ku labari ta iso ne a tsakiyar bazara, lokacin da manyan motoci ke sauke mangwaro daga kudu, rabinsa ya riga ya ruɓe a hanya. Ta sauko daga mota da katan huɗu. Uwarku ta zaci tsaraba ce. Da aka buɗe sai ga ƴan kwalabe kamar tsawon yatsa, ɗaruruwa, da dunƙulen auduga, da wani madubi mai ƙafa da ake leƙawa ta sama ya ƙara wa abu girma, da wani siririn tiyo na roba mai gilashi a baki.

Ƙuda ta zo kamawa. Ba babban ƙudan da ke bin nama ba, ƙananan nan masu jan ido da ke tashi kamar hayaƙi in ka taɓa ruɓaɓɓen mangwaro ko ƙwaryar da aka jiƙa tsamiya. Kowace mace ɗaya kwalbarta daban, ta yi ƙwai a ciki, ƴaƴanta su tashi, su ma su yi ƙwai, ya zama kowace kwalba gida guda ce mai asali. Abincinsu kuwa dafa shi ake, garin masara da sukari da yis, kamar kunu mai kauri, a zuba a gindin kwalba ya daskare. Uwarku ce ta karɓi wannan aiki. Tana juya tukunya tana cewa ta yi wa baƙi iri-iri girki a gidan nan, amma ba ta taɓa ganin waɗanda ba sa ko sannu ba sai waɗannan. Zafin garinmu kuma kashe su yake a cikin kwalba, don haka yayarku ta sa aka kawo manyan randuna biyu aka binne su rabi cikin jiƙaƙƙen yashi a ɗakin ajiya, ta jera kwalaben a ciki, ta rufe bakin da jiƙaƙƙen buhu. Safe da yamma ana yayyafa ruwa.

Bayanin aikin ban nema ba, amma na ji shi duka. Wata hantsi suna tsakar gida, ni ina bakin zaure ina ɗinke igiyar famfona, wadda ba ta ma tsinke ba. Uwarku ta tambaye ta, cikin raha, ko duk dabbobin Allah sun ƙare ne da ta tsallake raƙumi da saniya ta zaɓi wannan. Yayarku ta ce ba ƙudan ne ya dame ta ba, ƙwansa ne. Ta ce ƙwan bai kai ƙwayar gero ba, ko kusa, amma cikin yini ɗaya tsutsa take fitowa daga cikinsa, tana jin taɓi, tana jin zafi, tana sanin in jikinta ya lanƙwasa. To kafin ta fito, wa ya haɗa mata jijiyoyin da take ji da su? Ta ce a ƙarƙashin fatar ɗan tayin ake haifar ƙwayoyin ji, kowace gaɓa da nata, ɗai-ɗai, nesa da lakar da za su kai wa labari, wadda a ƙuda ta gefen ciki take, ba ta baya ba kamar tamu. Sai kowace ƙwaya ta fid da wani zare siriri, bakinsa kamar hannu mai yatsu, yana lalube yana tafiya a cikin duhu.

Uwarku ta ce to yaya yake sanin hanya, tunda ba ido gare shi ba.

"Inna, kin ga yadda shanu ke gangarowa daga arewa bayan kaka? Ba kowace saniya ce ta san rijiya ba. Akwai na gaba da suka fara bi, sauran sawunsu suke bi. Ga burtali, gonaki dama da hagu, in ta karkata a kore ta. To haka. Akwai zaren da ke fara tafiya, na baya su manne masa. A hanya akwai wurin da ke fid da wani abu mai cewa zo, akwai mai cewa kauce. In sun isa laka ma ba a cakuɗe suke shiga ba. Mai kawo labarin taɓi da mashayarsa, mai kawo labarin zafi da tasa. Duk cikin ƴan awowi."

Na ji allura ta tsaya a hannuna. Ni na san burtali. Na sha raba faɗan manomi da makiyayi a kansa. Ban taɓa jin an yi bayanin wani abu na boko na gane shi sarai kamar wannan ba. Ta ci gaba ta ce ƙudajen da suke aiki da su a can, an daɗe ana kiwonsu cikin ɗaki mai sanyi, kuma ta lura in zafi ya yi wa ƙwansu yawa, wasu zaruruwan kan ɓace hanya. Sai ta tuna garinsu, inda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa a watan bazara amma ƙudajen nan suna nan suna hayayyafa a kasuwa. Tambayarta ita ce, na Dakoro su ma zarensu na ɓacewa, ko kuwa suna da wata dabara da na can ba su da ita? Ba wanda ya taɓa zuwa ya duba. Ta yi shekara biyu tana rubuce-rubuce kafin a yarda a ba ta izni da guzurin zuwa, kuma sau ɗaya aka ba ta. Duk digirin nata a kan waɗannan kwalabe ya rataya.

Sau ɗaya na leƙa madubin. Uwarku ce ta matsa mini, ta ce in zo in ga ikon Allah. Na sunkuya kamar wanda aka tilasta. Na ga wani abu fari, dogo kamar ƙwayar shinkafa, da ƴan ƙahoni biyu a kai, wai ƙwan ƙudan ke nan. Sannan yayarku ta buɗe na'urarta ta nuna mini hoton da ta ɗauka a can, inda suke da hanyar sa jijiyoyin su yi haske. Baƙin fili, da koren zaruruwa suna gangarowa jere-jere daga gefe, kowane rukuni ya bi hanyarsa ya shiga tsakiya, kamar ka hau tudu da asuba ka hango garke-garke suna nufar ruwa. Shekara talatin ina kashe irin waɗannan halittu da lita-lita, ban san akwai wannan aiki a cikinsu ba. Tana tsaye a gefena tana jira. Na san abin da take jira. Na miƙe na ce, "To." Na fita.

A ranar ne ta roƙi abu ɗaya. Ba ta bi ta wurin uwarku ba, ta zo har zaure ta durƙusa. Ta ce ta san al'adata ta feshin gida kafin ruwa, tana roƙo bana in jinkirta har ta tafi, sati uku ne suka rage, don ko ƙamshin maganin ya shiga audugar ya isa. Ban dube ta ba. Na ce na ji. A wurinmu in uba ya ce ya ji, alkawari ne, kuma ita ma haka ta ɗauka.

Abin da ya ɓata ni daga kasuwa ya fito. Yadda ake kama ƙudajen nan shi ne da wancan tiyon. Ka sa baki ɗaya a bakinka, ka kai gilashin kusa da ƙuda, ka zuƙa, ya faɗa ciki. Akwai ɗan ƙyalle a tsakiya da ke tare shi, ba ya isa baki. Amma wanda ke tsaye nesa ba ya ganin ƙyalle. Abin da Dakoro ta gani shi ne ɗiyar Birgadiye, wadda aka ce ta tafi Turai zama dokta, durƙushe a bayan rumfar masu mangwaro, kan tarin ruɓaɓɓu, tana zuƙar ƙuda da baki. Kwana biyu labarin ya gama gari. Wasu suka ce karatu ya taɓa mata kai. Wasu suka ce Turawa ne suka aiko ta ta kai musu su haɗa cuta. Wata tsohuwa ta zo har gida ta ba uwarku shawarar a nemo mai ruƙiyya. Uwarku ta ba ta fura, ta raka ta ƙofa, ta dawo tana dariya. Ita abin bai taɓa shiga jikinta ba.

Ni ya shiga. Akwai inda muke zama bayan la'asar, gindin bedin da ke kusa da kasuwar dabbobi, mu bakwai ko takwas, tun muna samari. A cikinmu akwai Ɗan Baƙo dillalin shanu, abokin wasana, wanda bakinsa ba ya hutawa. Kullum na iso sai ya matsa mini wuri ya ce a ba sirikin ƙuda tabarma. Ya ce gidana ya zama gidan adalci, uba na kashewa ɗiya na rayawa, ba a cuci kowa ba. Ina dariya tare da su. Da a ce na buɗe baki na gaya musu abin da na gani a madubin nan, na san Ɗan Baƙo da kansa sai ya nemi a kai shi ya leƙa, don mutum ne mai son jin sabon abu. Amma yin haka yabon ɗiyar fari ne a gaban mutane. Haka na gaya wa kaina. Gaskiyar ita ce tsoro nake kada su ce ni ma na bi ta.

Sai ranar sunan jikan limaminmu. An cika ƙofar gida, ana zagayawa da fura. Ƙuda ya faɗa ƙwaryar da ke gaban Ɗan Baƙo. Ya sa yatsa ya tsamo shi a hankali, ya ɗora a ganye, ya naɗe, ya miƙo mini ta kan mutane da hannu biyu.

"Birgadiye, ga saƙo ka kai wa dokta. Ka ce mata wannan na gidan liman ne, ya sha addu'a, kada ta haɗa shi da na kasuwa."

Har liman sai da ya rufe baki da rawaninsa. A wurin kuma akwai wani manomi daga Adjekoria wanda shekara da shekaru ni ke yi masa rumbu. Da aka tashi ya ja ni gefe, ba da wasa ba, ya ce bana ya kira wani, don iyalinsa sun ce ba su yarda mai kiwon ƙwari a gidansa ya taɓa musu hatsi ba. Ya ba ni haƙuri. Na ce ba komai. Na taka zuwa gida ban ga hanya ba.

Kwana biyu bayan haka yayarku ta bi motar kasuwa zuwa Bader Goula tun da safe, don ta ɗauko tarkunan da ta kafa a can, ƴan robobi da ɓawon mangwaro a ciki. Uwarku ta tafi gaisuwar mutuwa a unguwar gabas, ku kuma kuna lakwal. Bayan azahar na haɗa magani. Na gaya wa kaina rumbu kaɗai zan yi, rumbu yana can ƙarshen gida, gara ba ta jiran kowa. Na yi rumbun. Na gama da saura a famfo, kamar lita ɗaya. Na tsaya a rana ina jin nauyinsa a bayana. Ba zan ce muku shaiɗan ya ja ni ba, don na sha jin mutane suna ɗora masa abin da suka yi da hankalinsu. Na yi tunani sarai. Na ce in waɗannan abubuwa suka mutu, za ta bar durƙuso a kasuwa, maganar ta mutu, ta koma can ta yi wani aikin da mutum zai iya faɗi a gaban jama'a. Har na ce taimakonta nake.

Ɗakin da sanyi, da warin tsami kamar na gasara. Na ɗaga buhun randa ta farko. Kwalaben a tsaye, kowace da ƴar takarda da rubutun hannunta, wanda na sani tun tana aji ɗaya, don a ɓoye nakan buɗe littattafanta in ta yi barci. Na karanta wasu. Kasuwar Dakoro, rumfa ta uku. Adjekoria, bakin rijiya. Gidanmu, ƙwaryar Inna. A ciki ƙudajen na hawa gilashi suna sauka, tsutsotsi na huda abincin da uwarku ta dafa. Na sa bakin famfo. Sau uku na danna a randa ta farko, sau uku a ta biyu. Na mayar da buhunan, na gyara musu zama, na rufe ƙofa. Sannan na wanke hannuna da sabulu har gwiwa, yadda aka koya mana.

Ta dawo gab da la'asar, fuskarta duk gumi, tana gaya wa uwarku, wadda ita ma shigowarta ke nan, cewa Bader Goula ta yi albarka. Ta wuce bayan gida da butar yayyafi. Ina zaure ina jin takunta. Aka daɗe ba motsi. Sai ta fito da kwalba ɗaya, ta ɗaga ta a rana, ta girgiza a hankali. Ta koma ta fito da wata. Haka ta yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya, tana jera su a kan tabarma, fiye da ɗari, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ba ta yi kuka ba. Uwarku ce ke ta salati ƙasa-ƙasa. Da ta gama sai ta zo bakin zaure, wannan karon ba ta durƙusa ba.

"Baba, ka shiga ɗakin?"

Na ce rumbu na yi. Na ce wataƙila iska ce ta kai.

Ta dube ni, abin da ba ta taɓa yi ido cikin ido ba. Sannan ta dubi bedin tsakar gida. Ta ce, "To, Baba." Ta koma ta fara ciro audugar tana zubarwa.

Ta yi ƙoƙari. Kwana goma suka rage mata. Ta wanke kwalaben da toka da ruwan zafi har sau uku, ta kai sababbin randuna gidan ƙanwar uwarku, ta koma kasuwa da tiyonta. Amma mangwaro ya ƙare, motocin sun daina zuwa, kuma abin da ta tara cikin wata biyu ba ya taruwa cikin kwana goma. Waɗanda ta samu, da na Bader Goula, ba su kai ashirin ba, rabinsu kuma ba su yi ƙwai ba, wataƙila maganin bai fita daga gilashin ba. Da su ta tafi. Ranar tafiyarta ta zo ta yi mini sallama kamar yadda ya kamata, na sa mata albarka kamar yadda ya kamata. A gindin bedi kuwa maganar ta mutu, yadda na so. Ɗan Baƙo ya koma tsokanar wani. Ba wanda ya ƙara tunawa.

Bayan mota ta tashi da kwana ɗaya, uwarku ta kawo mini tuwo zaure, ta ajiye, ba ta tafi ba. Ta ce ta wanke buhunan nan biyu, har yanzu hannunta na wari.

"Malam, na yi shekara hamsin ina ganin iska. Ban taɓa ganin wadda ke ɗaga buhu ta zuba abu ta mayar da shi daidai ba."

Na jawo kwanon tuwon gabana. Ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta koma ga Allah, kuma ba ta gaya wa ko ɗayanku ba, ta rufa mini asiri. Amma daga ranar ba ta sake kawo mini abinci da hannunta ba, sai ta aiko ɗaya daga cikinku. Kun ɗauka ciwon gwiwa ne. Rahar da take yi mini tun muna yara ita ma ta ɗauke. Shekara tara muka ƙara tare a gida ɗaya, tana yi mini duk abin da mace ke yi wa miji, ban sake jin ta yi dariya a kan maganata ba.

Abin da ya sami yayarku a can, guntu-guntu na ji shi, ta bakin uwarku in sun yi waya. Ƴan ƙudajen da ta isa da su ba su isa a kafa hujja ba. Waɗanda suka ba ta guzuri suka nemi bayani, ta rubuta musu cewa haɗari ne, laifinta ne da ba ta killace wurin ba. Sunana bai fito ba. Ba su sake ba ta ba. Ta ƙara shekara uku kafin ta gama, a kan tambayar wani malaminta, ba tata ba. Yau tana aiki a wani ɗakin bincike, ita ke lura da ƙudajen waɗansu, ta canza musu kwalba, ta tabbata abinci bai ƙare ba. Aiki ne na halal, tana ci tana taimakonmu. Amma ba shi ta tafi yi ba. Ta yi aure a can, tana da ƴaƴa biyu da ban taɓa ɗora wa hannu a ka ba. Tun daga wannan bazara sau ɗaya ta taka Dakoro, rasuwar uwarku, kuma a gidan ƙanwar uwarku ta sauka. Famfon kuwa na ci gaba da goya shi har bayana ya ƙi. Ba zan ce muku na jefar da shi don nadama ba. Ban jefar ba.

Bara, bayan jinyar da na yi, na ga cewa in ban faɗa ba zan tafi da shi. Ranar sallar layya ta kira kamar yadda ta saba, gaisuwa, lafiyar jiki, ya zafi, ya ruwa. Da ta zo yin sallama na ce ta dakata. Na gaya mata duka, da sakatar, da buhun, da sau ukun. Na ji numfashinta a waya. Ta ce ta sani tun ranar, kuma ta yafe tun tuni, don ba ta so ta tashi gaban Allah da riƙon mahaifinta. Muryarta lafiya lau, kamar mai karanta takarda. Na gane cewa yafiya daban, abin da na fasa daban. Sai na yi tambayar da ya kamata in yi tun ina bakin zaure da allura a hannu. Na ce, to zaren nan, na ƙudajen garinmu, in zafi ya yi yawa, yana ɓacewa ko yana isa?



"Ashe ka ji," ta ce.

Na ce na ji duka. Na ce har burtalin.

A nan ne muryarta ta karye. Ta ce, "Ban sani ba, Baba. Ba wanda ya sani. Ba wanda ya sake zuwa ya duba."

Wannan shi ne abin da na yi. Ban rubuta don ku ji tausayina ba, kuma kada wani ya ce ai ƙuda ne kawai, don ni ma da wannan na yi ta lallashin kaina shekara da shekaru. Ku da kuke da ƴaƴa yanzu, wata rana ɗayansu zai shigo muku da abin da ba ku gane ba, abin da za a yi muku dariya a kansa a bakin kasuwa. Ina roƙonku don Allah ku ja tabarma ku zauna, ku tambaye shi mene ne, a gaban kowa. In dariyar ta yi muku zafi ku daure, kwana kaɗan take yi. Kada ku bari sai kun tsufa kamar ni, ku yi tambayar a waya, lokacin da ba sauran mai amsa ta.